Zanen Inna da Warin Kafur

Saratu, Hannatu, Dauda, ku ukun nake rubuta wa wannan babi, amma Saratu ce ta sa na zauna na ɗauki alƙalami. Ranar Lahadin da ta wuce, da aka tashi daga majami'a, na biya gidanta a unguwar Dar es Salam in ga yadda take fama da tsohon cikinta. Ta janyo akwatin kayan jariri tana nuna mini ƴan riguna da huluna, tana dariya. Tana ɗaga na ƙasan sai wani wari ya bugi hancina, na zauna a bakin gado. Kafur ne, ƴan ƙwayoyin nan farare da ake zubawa cikin tufafi don asu da kyankyasai, wata maƙwabciya ce ta ba ta. Na kwashe su na yi waje da su ina faɗa, ita kuma ta bi ni da kallon da kuka daɗe kuna yi mini, kallon nan na "Mama ta fara halin nata". Kun san akwai magungunan da Dauda ba ya sha, kun san ba a shigo da kafur gidana, kuka ɗauka abin a kan Dauda ya tsaya. Bai tsaya nan ba, kuma tun ranar Lahadin nan tsoro bai bar ni na ci abinci da daɗi ba.

Kun tashi da labari ɗaya a kunnuwanku: wai ni na kori uwata, Inna, daga gidanmu na unguwar Gudel, nan Yamai, a shekarar da aka haifi Dauda, don na yi lakwal, wato boko, na zama malama ina ƙyamar kayan ƙauye. Ƴan'uwana na Dogondutsi sun faɗa muku haka, ni kuma ban taɓa musawa ba, don ni na zaɓi a faɗi hakan. Yanzu Inna ta koma ga Ubangiji, babanku ma da ya riƙe mini maganar ya riga ta tafiya, ba sauran wanda zan kare sai jaririn da ke cikin Saratu.

Inna gajeriyar mace ce mai tsabta har ta yi yawa. Tana da wata shuɗiyar adakar ƙarfe da ba mai taɓa ta, a cikinta kuma akwai zanen saƙi baƙi mai ratsin fari, wanda kakarta ta kaɗa zarensa da hannunta. Duk jaririn da aka haifa a zuriyarmu, a cikin zanen nan yake kwana daga ranar haihuwa har ranar suna. In an yi suna sai a wanke shi, a ninke, a mai da shi adaka, a zuba masa kafur ciki da bai don kada asu ya ci. A wurin Inna warin kafur shi ne warin tsabta. Har kayan jikinta a nan take ajiye su, in ta wuce ka, ka san Inna ce ko idonka a rufe yake. Mu biyar mata ta raya, ni ce ta fari. Maza biyu ta haifa, ba wanda ya kai ranar suna. Na biyun ina da wayo lokacin, na tuna yadda fararen idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, na tuna wani siririn kuka da yake yi, yana banƙarewa ta baya. Wasu suka ce shawara ce, tsofaffin unguwa suka ce iskoki ne, fasto ya yi addu'a, aka kai shi aka rufe. Da yake ba su samu suna ba, Inna "baƙina" take ce musu, kuma abin da take faɗa ke nan kullum: Allah ya ba ta baƙi, ya karɓi abinsa.

Ke Saratu da ke Hannatu, a zanen nan kuka kwana, ba abin da ya same ku. Da aka aika wa Inna cewa wannan karon namiji ne, sai ga ta da adakar gaba ɗaya a bayan taksi. Tana sauka a tashar Wadata ta tsaya ta sayi sabon kafur, don ta ji an ce gidajen bakin kogi ba sa rabuwa da kyankyasai. Matar da ban taɓa ganin ta taka rawa ba ko a bikin Kirsimeti, ranar sai da ta taka a tsakar gida. Da yake ni ƴar fari ce, ba ta kiran sunana, sai ta ce:

"Ke, miƙo mini shi nan. Yau gidanmu ya ga namiji."

Ta naɗe Dauda a zanen, ta cusa kafur a kusurwoyin katifa, ta zuba cikin kayansa, ta rufe tagogi don kada iska ta shige shi. Bazara ce, ɗakin ya ɗauki zafi, warin ya cika ko'ina. Ni da na tashi a cikin warin nan, daɗi ma yake mini, don yana tuna mini da gida.

Ana shirin suna yaron ya fara ƙin nono. In na sa masa sai ya kama kaɗan ya saki, jikinsa ya yi laƙwas. Da safe na fito da shi bakin ƙofa inda akwai haske, na buɗe idonsa da ɗan yatsa, na ga farin ya koma ruwan ɗorawa. Fitsarinsa ma ya bar tabo mai duhu kamar ruwan shayi. Inna ta taho da ƙwaryar kunu, ta leƙa fuskarsa, ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali, ta zauna dirshan kusa da ita.

"Na san wanga launi," in ji ta.

Babanku ya fita a guje neman taksi, ni kuma ina tsaye da yaro a hannu, kunnena yana jiran siririn kukan nan da na ji ina yarinya.

A asibiti wata lokotoro, wato likita, ce ta karɓe mu, Bazabarmiya haifaffiyar Yamai, Hausarta ta kasuwa ce haɗe da Faransanci, zan daidaita muku ita a nan. Kafin ma ta buɗe yaron ta ja hanci, ta zare zanen ta miƙa wa babanku, ta ce ya fita da shi waje can nesa. Aka ɗibi jini don analis, wato gwaji, aka tuɓe Dauda tik, aka ɗaure masa idanu da ƙyalle, aka kwantar da shi ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila. Na ce mata ni malamar lakwal ce, ta faɗa mini gaskiya yadda zan gane, kada ta lallashe ni.

"To, Madam, saurara," in ji ta. "Iskar da muke shaƙa, oksijin, da ita jiki ke ƙona abinci. Kin san gawayi in yana ci a murhu ba a rasa tartsatsi. A jiki ma haka ne, kowa da nasa tartsatsin, ni da ke duka. Amma Allah ya yi mana abin da ke kashe shi kafin ya yi ɓarna. Ina zaton ɗanki abin kashewar nan kaɗan gare shi. Kafur kuma, in ya shiga ta hanci ko ta fata, ƙara tartsatsin yake yi. Jininsa ne ke fashewa, abin da ke fita daga ciki shi ne wannan rawayar. In ta yi yawa ta hau ƙwaƙwalwa, ba ta saukowa."

Na daɗe ina bin wannan magana a littattafai bayan haka, don ni in ban gane abu ba ya fi ba ni tsoro. Ga abin da na fahimta, ku ma ku riƙe. Kusan duk aikin da ake yi a jiki, furotin ne ke yin sa. Shi furotin ƙananan sinadarai ne da ake kira amino asid, an jera su a layi, an naɗe su cikin wata siffa, kuma siffar nan ita ce aikinsa. Tartsatsin da lokotoro ta faɗa, oksijin ne da ya fita daga hayyacinsa, yana fizgar abin da ya rasa daga duk abin da ya tarar kusa. In ya faɗa kan amino asid, musamman masu ɗauke da farar wuta, sai ya canja su, ya liƙa wannan da wancan inda bai kamata ba. Furotin ya rasa siffarsa, ya dunƙule, kamar farin ƙwai in ya ji mai mai zafi, ba ya komawa yadda yake. A hankali abin ke faruwa ga kowa, yana cikin abin da ke kawo tsufa da yanar ido irin wadda ta fara mini. Amma a cikin jan ƙwayar jini, furotin ɗin da ke ɗaukar iska shi ne kusan komai. In ya dunƙule, ƙwayar ta lalace, jiki ya farfasa ta. Abin da ke taimakon ƙwayar ta kare kanta sunansa haruffa ne da lamba, G6PD, kuma shi ne Dauda ke da ƙarancinsa. Ɓarnar da ke ɗaukar shekaru a jikin wani, shi a cikin ƴan kwanaki ta same shi.

A ranar ban san duk wannan ba. Abin da na sani shi ne lokotoro ta gama bayani, sannan ta tambaye ni:

"Abin gado ne, Madam, daga uwa yake bi zuwa ga ɗa namiji. Mata da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. A ɗakinku, akwai maza da suka rasu suna jarirai da irin wannan launi?"

Na ce biyu. Ta ce a cikin me aka naɗe su. Na juya na kalli taga, inda nake hango babanku tsaye gindin dogonyaro da zanen a hannu.

"Ba zan rantse miki ba, ban gan su ba," in ji ta. "Amma kada kafur ya sake kusantar yaron nan. Ko a jikin tufafin mai ɗaukarsa. Wanki ba ya fid da shi da sauri."

Na fita na sami babanku, na faɗa masa duka a cikin wannan zafin rana. Shi mutum ne mai son a yi magana a fili.

"Ki faɗa wa Inna gaskiya, Rahila. Ai ba da gangan ta yi ba."

"Shekara da shekaru tana cewa Allah ne ya karɓi abinsa," na ce masa. "Da wannan take tsaye. In na ce mata hannunta ne ya zuba abin, da me za ta tsaya?"

"In ba ki faɗa ba, me za ki ce mata?"

Na ce zan samu abin faɗa, na kuma sa shi ya yi mini alkawari. Tsoro biyu ne ke cina a lokacin, ban san wanda ya fi ba. Ina tsoron yaron ya mutu, ina kuma tsoron ya rayu in kai shi gida Inna ta sake rufe shi da ƙauna.

Kwanakin da suka biyo baya, ban san yadda na yi su ba. Ina zaune kusa da fitilar ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Wata rana da azahar wuta ta ɗauke, fitilar ta mutu, na miƙe tsaye ina jin kamar kowane numfashi rawayar hawa take yi, har sai da aka tada injin asibitin. Jini ya ƙi daidaita, suka ce sai an canja masa shi, a zare nasa kaɗan-kaɗan a zuba wani. Na sa hannu a takarda. A yinin da aka yi masa hakan ne Inna ta zo. Warin na fara ji tun tana tahowa a baranda. Babanku ya mai da zanen gida, ita kuwa ta wanke shi, ta kwantar da shi cikin sabon kafur, ta ninko shi a kafaɗa. Ta hango jikanta ta gilashi, tsirara, idanu a ɗaure, ta nufo ƙofa da sauri. Na sha gabanta na tare ƙofar da jikina.

"Kauce in ruhe shi. Wa ka barin jinjiri hakanga?"

"Ba za ki shiga ba, Inna."

"Mi kinka ce?"

"Ba za ki shiga da zanen nan ba."

"Da wanga zane na ruhe ku duka, ku biyar da baƙina biyu. Mi ya samu zanena yau?"

Ƴaƴana, amsar tana kan harshena, ita ce ma ta faɗe ta da bakinta ba ta sani ba. Na kalli fuskarta, na haɗiye, na ɗauko mafi munin abin da zan iya faɗa don kada ta ƙara tambaya.

"Tsohon tsumman ƙauye ne. Nan birni ne, ba na son shi a jikin ɗana."

Inna ta daɗe tana kallona, sannan ta gyara zanen a kafaɗarta.

"To, Madam," in ji ta. Ba ta taɓa kirana da wannan suna ba sai ranar.

Dauda ya rayu, ga shi nan kuna gani da ƙaton kansa da son gardama. Launin ya sauka, ya kama nono, analis ɗin da aka sake daga baya ya tabbatar da zaton lokotoro. Amma kafin a sallame mu na koma gida na yi abin da ya ƙarasa ɓata ni. Na fid da katifa da duk kayan ɗakin na baza su a rana, na buɗe tagogi, na bi kusurwa-kusurwa na tsince kafur na zuba a masai. Inna tana zaune kan tabarma gindin mangwaro, tana bin hannuna da ido. Da na gama na ce mata in tana so ta ɗauki yaron, sai ta yi wanka ta sa zanena, ba nata ba, adakar kuma a kai ta ɗakin ajiya.

"Wari nika yi ke nan," in ji ta.

Na juya na shige ɗaki, hakan kuwa ya fi zagi. Washegari ta sa aka kira mata taksi zuwa Wadata, da adakarta. Aka yi sunan Dauda ba ta nan.

Ban yi nadamar tare ƙofar nan ba, ko yau aka sake zan tare ta. Amma abin ya ci mini. Ƙannena suka daina gaishe ni na tsawon lokaci. In mun je Dogondutsi da hutu, Inna takan karɓe mu da mutunci irin wanda ake yi wa baƙin kunya. Ku mata takan rungume ku, Dauda kuwa daga nesa take sa masa albarka, sai da ya girma ya fara zuwa da ƙafarsa yana faɗa mata a jiki. Ni kuma duk zuwan da za mu yi, hancina a buɗe yake, ina shinshina ɗakin da za ku kwana kamar mai neman gobara. Abin mamaki, ban ƙara jin warin a gidan ba. Na ɗauka fushi ne ya sa take ɓoye adakar in ta ji muna tafe, ban zurfafa tunani ba, don tsoro nake ji in zurfafa.

Bara da ta rasu, bayan an tashi daga zaman makoki, muka taru mu biyar a ɗakinta don raba kayanta. Ƙanwata Laraba, wadda ta zauna da ita har ƙarshe, ta janyo adakar daga ƙarƙashin gado. Na ja baya na toshe hanci da gefen mayafi tun kafin a buɗe. Aka ɗaga murfi, ba wari ko kaɗan sai na tsohon ƙarfe. Zanen yana nan a ninke, amma da Laraba ta ɗaga shi sai ya rabu a hannunta. Asu ya cinye shi, huda ko'ina, ratsin farin ya zama gari.

Na ce, "Yaya aka yi haka? Inna ce fa."

"Tun shekarar da ta dawo daga Yamai ba ta ƙara sayen kahur ba," in ji Laraba. "Ran da ta iso ta juye na cikin adaka a masai. Ba ta ƙara ba kowa zanen ba, ko da na haihi nawa. Da na ga asu ya shiga na ce in sawo mata, ta ce in bar su su ci."

Na tambaye ta ko Inna ta taɓa faɗin dalili. Laraba ta kalli sauran.

"Sau ɗaya. Muna zaginki a gabanta, ta ce mu yi shiru. Ta ce launi guda ne ta gani sau uku, wanda aka raba da zanen shi ɗai ya rayu. Ta ce, yayarku tun tana ƙarama ba ta iya ƙarya ba, amma ku bar ta ta zaci ta iya."

Na zauna a ƙasa kusa da adakar, yadda ita ta zauna kusa da ƙwaryar kunu. Duk shekarun nan ina ɗauke da baƙin jini don kada ta sani, ita kuwa ta sani tun tana kan tabarma gindin mangwaro, ta ɗauki abinta ita kaɗai, ta bar ni da ƙaryata don kada in ga abin da sanin ya yi mata.

Saratu, abin da ke jinina yana iya kasancewa a naki, haka ke ma Hannatu. Ban san ko namiji ne a cikin nan ba, ban san ko ya ɗauko ba, kuma rashin sanin ne ke hana ni sukuni. Ki faɗa wa masu awonki tun yanzu, a gwada shi in ya zo. Kayan akwatin nan ki baza su a rana da iska har warin ya fita sarai, wanda ya ƙi fita ki ba da shi. In kin ga idonsa ya canja ko ya ƙi nono, kada ki jira kowa, ko ni. Wani guntun zanen yana wurina, kamar tafin hannu, shi kaɗai ya rage da asu bai gama da shi ba. Na shinshina shi har na gaji, ba komai a jikinsa. Ranar da kika sauka zan zo da shi in ɗora a ƙirjin jaririn, in ce masa na kakar uwarsa ne, wadda ta bar asu ya ci gadonta don shi ya kai ranar suna.